Tabaraun Malama

SHAFI NA 23

Ranar Asabar ɗin da yaransa suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na makarantun sakandare, Koci ya yi wa matarsa ƙarya a cikin mota. Ƙaramar ƙarya ce, kalma huɗu kacal. Bayan wata biyar aka binne matar, Malama. Ƙaryar kuwa tana nan da ranta, har ta biyo shi sabon wurin aiki.

Da ita ya shiga ofishin Daraktan wasanni na kwaleji ranar Laraba da hantsi.

"Zauna, Koci."

Ya zauna. Kujerar baƙi a ofishin nan gajera ce. Da gangan aka zaɓe ta, don mai tsawo irinsa ya san matsayinsa.

"Wasa takwas," in ji Darakta. "An doke mu a shida."

"Ina wurin, ranka ya daɗe."

"Kana wurin? To shi nake so mu tabbatar."

Ya juyo masa da kwamfuta. Bidiyon wasan makon jiya ne.

"Duba nan. Sun zuba mana maki shida a jere. Ga goma. Ga goma sha huɗu. Yaranmu sun ruɗe, kowa na gudu kamar an ce gobara. Duk kocin duniya a nan zai tsayar da wasa, ya tara yaransa ya yi musu magana. Kai me kake yi?"

Koci ya kalli kansa. Dogon mutum mai furfura, tsaye a bakin layi, ya ba wa wasa ƙeya yana duban 'yan kallo.

"Wa kake nema a can?"

"Ba kowa."

"Hutun minti ɗaya sau biyar doka ta ba ka a kowane wasa. Ka koma gida da huɗu a aljihu. Tara su kake yi? Ba a gadonsu fa, Koci."

Koci bai yi dariya ba. Darakta ya yi wa kansa.

Ga waɗanda suka tsinci labarin nan a tsakiya, ga abin da Darakta ya sani rabi-rabi.

Shekara ashirin da biyu Koci ya yi a makarantar sakandare, a filin siminti mai tsaga, da kwando ɗaya da ba ya riƙe raga. Da safe ya koyar da motsa jiki, da yamma ya koya wa 'ya'yan mutane jefa ƙwallo. Ya iya gina ɗan wasa tun daga tafin ƙafa. Abu ɗaya ne bai taɓa yarda ya iya ba: sanin daidai lokacin da za a tsayar da wasa. Wannan aikin Malama ne. Ita ce mai kula da ɗakin karatu na makarantar, kuma ba ta fashin wasa. Layi na uku, daura da bencinsa, da littafi a cinya. In ta cire tabarau, sai ya nufi teburin masu rubuta maki ya nemi hutu. Ba su taɓa zama sun tsara hakan ba. Ba ta kuma taɓa kuskure ba.

Ranar kofi, Darakta ya zo da ƙafarsa ya ga mutumin da ake ta ba shi labari. A baranda, kafin a fara, ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"An ce mini kocin gaske a layi na uku take zama."

Maganar ta tsaya masa a rai. A zango na uku Malama ta cire tabarau. Ya gani, ya kau da kai. Ta sake, ya sake kau da kai. Saura minti biyu a tashi ta cire na uku, har ta ɗan ɗaga shi sama. Ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ke ɗaure.

Suka ci da maki ɗaya, da ƙwallon da ta gama yawonta a bakin kwando kafin ta ga dama ta faɗa.

A mota, kofi na kujerar baya kusa da 'yarsu, Malama ta ce, "Malam, sau uku na cire."

"Ban gan ki ba."

"Ayya," in ji ta. "Mutane sun yi yawa yau."

Shi ke nan. Mako biyu bayan nan takardar kwaleji ta zo. Wata ɗaya bayan takardar, likita ya kira shi gefe. Ba ta ga wasansa ko ɗaya a sabon wurin ba.

Darakta ya rufe kwamfuta.

"Asabar muna da baƙi a gida. In aka maimaita abin da na nuna maka, mataimakinka zai riƙe ƙungiya har ƙarshen kaka."

"Dogo yaro ne mai hankali."

"Ba yabonsa na ce ka yi ba." Ya ɗan jinkirta. "Ka tuna maganar da na faɗa maka a baranda? Wallahi da wasa na faɗe ta. Kwanan nan sai nake ji kamar gaskiya ce ta suɓuce mini."

Koci ya miƙe. Tashi daga gajeriyar kujera yana ɗaukar lokaci, kuma Darakta ya kalle shi har ya gama.

"Zan turo maka bidiyon a waya. Ka kalla da kyau."

*

Gidan da kwaleji ta ba shi ɗaki biyu ne da falo, a bene na biyu. Fentin sabo ne. Kwalaye bakwai jere a jikin bango tun ranar da ya tare, bai buɗe ko ɗaya ba sai na takalma. Kujera ɗaya yake zama, faranti ɗaya yake wankewa. Amma in ya tashi haɗa shayi, kofi biyu hannunsa ke saukowa da su, sai ya mayar da ɗaya yana jin haushin hannun.

Ranar Alhamis da la'asar yana kan tebur yana rubuta takardar ajiye aiki aka ƙwanƙwasa.

'Yarsa ce, da kayan aikinta na asibiti a jikinta, rungume da kwali. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata.

"Baba, karɓi, hannuna zai cire. Wannan benen naku wa ya gina shi, maƙiyin tsofaffi?"

"Wa ye tsoho?"

"Ni. Na ƙarshe ke nan daga tsohon gida. Na Mama ne, na cikin durowarta."

Ya ajiye shi kusa da sauran. Sun zama takwas.

Ta zagaya falon da ido, ta buɗe firiji, ta rufe.

"Ruwa da lemo rabi. Baba, azabtar da kanka kake yi ko gwaji?"

"Ina ci a kantin ma'aikata."

"Da wa?"

"Da cokali."

Ta zauna a kan ɗaya daga cikin kwalayen. Nan idonta ya faɗa kan takardar. Ba ta nemi izini ba, halin uwarta ke nan, duk abin da aka rubuta nata ne. Ta karanta har inda ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Abin da kika gani."

"Shekara ashirin da biyu kana cewa wata rana za ka horar da manya a zaure mai katako. Wata uku da farawa za ka ajiye?"

"Gara in ajiye da a karɓe."

"Saboda wasa shida?"

"Saboda ni ba koci ba ne, Uwata."

Ya faɗe shi a hankali, yana kallon bango. Bai taɓa furta shi ga kowa ba.

"Ni mai koyar da gudu da tsalle ne. Uwarki ce koci. Ita ke karanta wasa. Ita ke sanin lokacin da yara suka gaji, lokacin da abu zai ɓaci. Ni ɗan aike ne, in ta cire tabarau in ruga tebur. Na karɓi aikin nan da jarrabawar da ba ni na rubuta ba. Yanzu an zaunar da ni ni kaɗai, ga sakamako."

Ya jira ta yi kuka, ko ta ba shi haƙuri.

Sai ta fashe da dariya.

Dariya ta gaske, har da riƙe ciki, har kwalin da take kai ya lotsa.

"Ke! Mene ne abin dariya?"

"Mama? Mama ce koci?"

"Ki kiyayi bakinki."

"Baba, Mama fa. Matar da har ta koma ga Allah ba ta san wanda ya jefa daga nesa maki uku ake ba shi ba. Tun ina 'yar shekara shida nake zama kusa da ita. Ka san abin da take tambaya ta duk ranar da aka busa tashi? 'Mu muka ci?'"

"Wasa take miki."

"Wata rana ta tafa wa abokan hamayya rabin wasa guda, don rigarsu ta yi kama da tamu."

"To yaya aka yi ba ta taɓa kuskure ba? Shekara ashirin! Ke ma kin gani da idonki."

Dariyar ta tsaya. Ta goge ido da bayan hannu, ta dube shi yadda take duban majinyacin da za a gaya wa abin da bai shirya ji ba.

"Da gaske ba ka sani ba."

"Me?"

"Tabaraun nan na mene ne, Baba?"

"Na karatu."

"To mai sanye da tabaraun karatu, me take gani a filin da ke can nesa?"

Shi ya biya kuɗin tabaraun, sau huɗu ana canza shi. Akwai abubuwan da mutum yake sani a ɗaki ɗaya na kansa, kuma bai taɓa buɗe ƙofa ya kai su ɗaya ɗakin ba.

"Ba wasa take kallo ba. Ta saman gilashin take leƙe, kuma abu ɗaya take leƙawa. Hannunka."

"Hannuna?"

"Agogonka. In ka ga abu zai ɓaci, sai ka kwance maɗaurinsa, ka ɗaure, ka kwance. Ba ka san kana yi ba. Ta ce ranar farko, ina goye, ta ga kana ta fama da agogo, fuskarka ta canza. Sai ta cire tabarau don ta gan ka sosai, ta ɗauka ba ka da lafiya. Kai kuma ka ɗago ka gan ta, ka ruga tebur ka tsayar da wasa. Kuka ci. Kuka zo gida kana ta cewa ita ta ceci wasan."

Koci ya dubi wuyan hannunsa na hagu. Tsohon agogo mai maɗaurin fata. Ramin na uku ya buɗe ya yi faɗi, fatar wurin ta yi baƙi ta yi laushi. Sauran ramukan kamar jiya aka huda su.

"Ƙarya ne," ya ce, ba ƙarfi.

"Kana da bidiyon wasanku a waya? Kawo."

Suka sunkuya kan wayar, kai da kai. Ta ja shi baya da yatsa.

Maki biyu. Maki huɗu. Dogon mutum mai furfura a bakin layi. Maki shida.

"Tsaya. Duba."

Hannun dama ya tafi wuyan na hagu. Ya kwance. Ya ɗaure. Ya kwance. Sannan kan ya ɗago, ya juya wajen layi na uku, inda wasu samari biyu ke cin gyaɗa suna kallon wayoyinsu. Ya tsaya a haka. Maki goma. Maki goma sha huɗu.

"A maki shida ka sani," in ji ta. "Tun kafin Daraktan naka ya sani. Kullum kai ne kake sani. Ita dai tana mayar maka da abinka ne."

Ya karɓi wayar ya kife ta a kan tebur, a kan takardar.

Ya kamata ya ji sanyi. An dawo masa da shekara ashirin da biyu a minti biyar. Amma abin da ya taso masa fushi ne, irin wanda ba shi da inda zai sauka.

"Me ya hana ta gaya mini? Ta bar ni ina ɗaukar kaina wawa! Ta ji mutane na cewa matata ke yi mini aiki, ta yi shiru!"

"Na tambaye ta."

"Ta ce me?"

"Baba, bar shi."

"Ta ce me, Uwata?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar katin aikinta.

"Ta ce a gida in kana cin abinci, wasa kake tunani. In tana magana, wasa kake tunani. Ta ce lokaci ɗaya ne a mako kake ɗago kai ka neme ta a cikin mutane. In ta gaya maka, ka daina."

A ƙasa wani yana ta fama da mota, ta ƙi tashi. Suka saurare shi har ya haƙura.

Koci ya tashi ya shiga kicin. Ya ɗora ruwa. Kofi biyu suka sauko, yau dai da mai shan na biyun. Ya daɗe a tsaye yana kallon butar, ya fi yadda ruwa ke buƙata.

Da ya fito, ta buɗe kwalin uwarta. Littattafai uku da ba a mayar ɗakin karatu ba, abin da Malama ba ta yafe wa kowa. Gidan tabarau. Da wata leda ta kanti, a naɗe.

"Wannan ma ban so ka gani ba," in ji ta. "Amma tunda yau ranar ce."

Ta zare shi. Mayafi ne ruwan ɗorawa, mai haske har yana ɗaukar ido. Takardar farashi na maƙale a gefensa.

"Uwarki ba ta sa irin wannan launi."

"Ba ta sa. Ni na raka ta ta saya, mako ɗaya kafin a kwantar da ita. Na ce Mama, wannan ai sai a ɗauka fitilar hanya ce. Ta ce haka take so. Ta ce ranar kofi laifinta ne, mayafi mai duhu ta yafa, shi ya sa ba ka gan ta ba. Ta ce zauren kwaleji ya ninka filinmu sau biyar, dole ta sa abin da za ka hango."

Shayin ya zuba masa a yatsa. Bai ji ba.

"Ta yarda," ya ce.

"Mama ta taɓa ƙin yarda da kai?"

Ta naɗe mayafin a kan gwiwarta, ta daidaita gefe da gefe. Ba ta ɗago ba lokacin da ta yi tambayar.

"Ina kujerar baya ranar, Baba. Ina kuma kusa da ita a layi na uku. Na ga inda fuskarka take kallo. Da gaske ba ka gan ta ba?"

Ya miƙa mata kofi.

"Sha, zai huce."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta karɓa.

"To," in ji ta.

Da za ta tafi, ta ɗauki ledar ta sa a jakarta. Takardar ajiye aiki ta bar ta inda take. Shi ma bai taɓa ta ba, bai yaga ba, bai sa hannu ba.

*

Asabar, ƙarfe huɗu. Zauren ya cika rabi, wanda a wurin ƙungiyar da aka doke sau shida alheri ne. Darakta na zaune a sama, ya harɗe ƙafa, da ƙaramin littafi a hannu.

Zango na farko suka yi kunnen doki. Na biyu suka wuce da maki uku. A na uku baƙin suka canza salo, suka matse su tun daga ƙarƙashin kwandonsu. Mai raba ƙwallo ya yar da ita. Maki biyu. Ya sake yarwa. Huɗu. Babban ɗan wasansa ya fara dafa gwiwa yana numfashi da baki. Wani ya jefa daga nesa. Bakwai.

Dogo ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Koci..."

Bai ji shi ba. Wani abu ya ji a yatsunsa, mai laushi, mai ɗumi. Ya duba.

Maɗaurin agogon a kwance.

Kansa ya ɗago da kansa, yadda ya saba shekara ashirin da biyu. Layi na uku. 'Yarsa na zaune, hannuwanta a cinya, ba ta yi masa alamar komai ba. Kujerar da ke kusa da ita ba kowa. A kanta an shimfiɗa mayafin ruwan ɗorawa.

Malama ta yi gaskiya. Ko mutum dubu goma ne a zauren nan, da shi zai fara gani.

"Koci, za su ƙara!"

Ya ɗaure agogon. Ya taka zuwa tebur, taku shida, ba wanda ya aike shi. Ya haɗa hannu ya nemi hutu.

Ƙwallo ta fita waje. Alƙalin wasa ya busa.

Yaran suka rugo, gumi na zuba, suka kewaye shi. Dogo ya miƙa masa allo da alƙalami. Can sama Darakta ya sauke ƙafarsa ya sunkuyo. Minti ɗaya ya fara tafiya.

Ya san abin da zai gaya musu. Ya san wanda zai fitar, ya san inda za su tsaya, tun a maki huɗu ya sani. Idanun yara goma sha biyu na kan bakinsa.

"Koci, muna ji," in ji mai raba ƙwallo.

Ya buɗe baki. Amma maganar da ta riga sauran zuwa ba tasu ba ce. Wata tara tana tsaye a wurin. Bakin gadon Malama a asibiti ya zo da maganar sau uku, sau uku yana komawa da ita, yana cewa sai ta ɗan ji sauƙi.

Ya dubi kujerar ta saman kawunansu.

Na gan ki, Malama. Duk sau ukun na gan ki.